Sankofa, shagon Farfesa Haile Gerima a Washinton: ra'ayina kan littattafansu da fina-finai da kofi

Jama'a duk wanda Allah ya kawo shi Washinton, ko karatu ne ko aiki ko kuma ziyarar 'yan uwa a Maryland da Virginia, akwai shago ɗaya da nake so ya sa a lissafinsa kafin ya tafi yawon ɗaukar hoto a gaban fadar White House. Sunansa Sankofa Video, Books & Café, yana kan titin Georgia Avenue lamba 2714, tsallaken titi kawai daga Jami'ar Howard. Littattafai suke sayarwa da faifan fina-finai da kofi da ɗan abin taɓawa, masu shi kuwa su ne Farfesa Haile Gerima da matarsa Shirikiana Aina, dukkansu biyu masu shirya fim ne. Bari in faɗi matsayata tun yanzu kada in ja ku da nisa, ni dai wurin nan ya yi min, ya yi min ƙwarai da gaske, kuma ba don kofin ba ne duk da kofin ma babu laifi, abin da ke jere kan kantocin ne ya kama ni, da irin mutanen da ke zama a ciki, da kuma shi dattijon da ya kafa wurin.

Kada ka zo da tunanin wani katafaren kanti mai hawa-hawa, ba haka yake ba. Wuri ne madaidaici, akwai ɗan fili a gaba da ake sa kujeru in yanayi ya yi daɗi, kana shiga kuma littattafai ne za su tare ka ta ko'ina, kuma kusan duk abin da ke ciki ko baƙar fata ne ya rubuta ko kuma a kan baƙar fata aka rubuta, tarihin Afirka kafin zuwan Turawa, cinikin bayi, mulkin mallaka da gwagwarmayar 'yanci, siyasar haɗin kan Afirka, waƙoƙi, ƙagaggun labarai na marubutan Afirka da na Karibiyan da na baƙaƙen Amurka, har da na lafiya da girki. Wanda ya saba shiga manyan kantunan littafi na ƙasar nan ya san yadda abin yake, za ka yi ta zagaye sai can a wani lungu ka tarar da 'yar kanta ɗaya an rubuta mata sunan Afirka, littafi kaɗan, rabinsu ma labarin yunwa da yaƙi da namun daji. To a nan an juya abin, mu ne shagon gaba ɗayansa. Wallahi akwai wata irin natsuwa da mutum ke ji in ya tsaya a wurin da ba sai ya yi bincike ba kafin ya ga kansa.

Ɓangaren da ya fi burge ni shi ne na yara, kuma iyayen da ke rainon 'ya'ya a ƙasar nan su ne za su fi gane abin da nake nufi. Yaro ya tashi duk littafin hoto da aka ba shi a makaranta babu mai kalar fatarsa, babu yarinya mai kitso, babu tsohuwa mai zani da ɗankwali, sannu a hankali sai ya fara ɗauka cewa labari ba na irinsa ba ne, ba zai faɗa maka da baki ba amma za ka gani a irin zanen da yake yi da irin 'yar tsanar da take zaɓa. A Sankofa an ba littattafan yara muhimmanci na gaske, ba wai an cusa su don cike gurbi ba, akwai na 'yan ƙanana masu hoto zalla, akwai na masu fara haɗa baƙi, akwai na matasa, tarihin jarumai da tatsuniyoyi da labaran yau da kullum na yara baƙaƙe da ba sai an yi maganar wahala ba. In tsaraba za ka kai gida ko kyautar sallah za ka yi wa 'ya'yan abokai, ni a ganina wannan ya fi rigar da aka buga wa hoton tutar Amurka sau dubu.

To amma ba za ka gane shagon nan ba sai ka san yadda aka yi ya samu, don labarinsa da labarin fim ɗin da ya ci sunansa abu ɗaya ne. A 1993 Gerima ya fitar da fim mai suna Sankofa, labarin wata baƙar Ba'amurkiya mai tallan kayan ƙawa da ta je ɗaukar hoto a tsohuwar ganuwar bayi ta Cape Coast a Gana, tana ta rausaya a bakin teku ba ta damu da abin da ya faru a wurin ba, sai aka mayar da ita baya ta farka a matsayin baiwa a gonar rake. 'Yan uwanmu na zangon Kumasi da Ankara a can Gana sun san sunan da alamar tsuntsun nan mai waiwaye, na mutanen Akan ne. Fim ɗin ya shiga gasar bikin fina-finai na Balin a shekarar, wato ba ƙaramin aiki ba ne, amma da aka dawo Amurka kamfanonin rarraba fim suka ƙi taɓa shi, babu wanda ya yarda fim a kan bauta da turjiyar bayi, wanda baƙar fata ya shirya yadda yake so, zai kawo kuɗi. Wani da sai ya naɗe hannu ya yi ta ƙorafi a jarida. Shi da matarsa sai suka ɗauki fim ɗin da kansu, suka kama hayar gidan sinima a nan Washinton, mutanen unguwa da coci-coci da ɗalibai da ƙungiyoyi suka riƙa yi masa talla baki da baki, aka yi makonni ana cika, daga nan suka bi gari-gari a faɗin ƙasar a kan wannan tsarin, a kowane gari 'yan sa-kai ne ke tsayawa. Albarkar wannan wahalar ce ta haifi shagon a ƙarshen shekarun 1990. Shi ya sa kalmar bidiyo ta zo farko a sunan, asalin manufar ita ce a samu wurin da mutum zai sami fina-finan baƙar fata da babu mai sayar masa a wani wuri, kofin daga baya ya shigo.

Ni wannan ne ya sa nake ganin girman wurin fiye da girman gininsa. Kuma duk wanda ya bi yadda kasuwar fim ɗin Hausa ta kasance, daga zamanin kaset da faifai a Ƙofar Wambai zuwa lokacin da satar fasaha ta karya furodusoshi kowa ya koma YouTube yana jiran abin da talla za ta kawo, ya san cewa shirya fim rabin aiki ne, wanda ke riƙe da hanyar kai shi ga mai kallo shi ne mai gida. Gerima ya gane wannan tun tuni, tun farkon shekarun 1980 ya kafa kamfanin rarraba fim nasa mai suna Mypheduh Films, kuma abin da yake ta nanata wa ɗalibai ke nan, ka mallaki aikinka, kada ka jira wani ya ba ka izinin ba da labarin gidanku.

Shi mutumin Habasha ne, an haife shi a garin Gondar a 1946, mahaifinsa marubucin wasan kwaikwayo ne da ke yawo da tawagarsa, mahaifiyarsa malamar makaranta, ka ga ke nan duka sana'o'in biyu a gida ya tarar da su. Ya zo Amurka a 1967, ya fara karatun wasan daɓe a makarantar Goodman da ke Shikago, daga baya ya koma Jami'ar UCLA a Los Angeles ya karanci fim, a can ne ya haɗu da su Charles Burnett da Larry Clark da sauran matasa baƙaƙe da suka ce su fa ba za su yi fim irin na Hollywood ba, waɗanda yanzu ake kira L.A. Rebellion, su Julie Dash ma cikin wannan ayarin suke. Yana ɗalibi ya koma gida ya ɗauki Harvest: 3,000 Years da harshen Amharik, da manoma na gaske ba 'yan wasa ba, daidai lokacin da mulkin Sarki Haile Selassie ke rushewa. Akwai kuma Bush Mama da ya ɗauka a unguwar Watts, wanda a farkonsa za ka ga 'yan sanda sun tare wasu baƙaƙe suna caje su, to wannan ba shiri ba ne, ma'aikatan fim ɗin ne 'yan sandan Los Angeles suka tare da gaske, kyamara na aiki, shi kuma ya bar abin a ciki. Daga wannan kaɗai ka san irin mutumin da ake magana.

A 1975 ya fara koyarwa a Howard, ya kuma shafe sama da shekara 40 yana yi. Ga wanda bai san Howard ba, jami'a ce da aka kafa a 1867 bayan yaƙin basasar Amurka, tana cikin manyan jami'o'in baƙar fata, Toni Morrison ta yi karatu a nan, Kamala Harris ma haka, marigayi Chadwick Boseman ma haka, har Nnamdi Azikiwe ya zauna a ajinta kafin ya wuce Jami'ar Lincoln. Abin da ya kamata a duba game da malami ai ɗalibansa ne, to ga kaɗan daga waɗanda suka bi ta hannun Gerima. Ernest Dickerson zanen gine-gine ya zo karantawa Howard amma ya shiga ajin fim na Gerima, shi ne daga baya ya riƙe wa Spike Lee kyamara a Do the Right Thing da Malcolm X. Arthur Jafa shi ya ɗauki hoton Daughters of the Dust, kuma a 2019 ya ci babbar kyautar baje kolin fasaha na Venice. Sai Bradford Young wanda ya ɗauki Selma, ya kuma ɗauki Arrival da ya kai shi takarar Oscar a 2017, baƙin Ba'amurke na farko da ya shiga takarar a ɓangaren ɗaukar hoto, kuma shi a hirarrakinsa ba ya ɓoye wanda ya buɗe masa ido. Ku lura fa, dukkansu masu kyamara ne, kuma ba banza ba. An daɗe ana ɗaukar baƙar fata a fim da hasken da aka tsara don farar fata, ko dai mutum ya fito ya yi toka-toka ko ya ɓace cikin duhu sai haƙori da ido, waɗannan mutanen suna cikin waɗanda suka nuna wa duniya cewa fatar nan tana da launuka iri-iri kuma tana da yadda take karɓar haske, in ka iya. Duk lokacin da ka kalli wani fim na zamani ka ga baƙar fata ta fito tana sheƙi cikin mutunci ko da dare ne, akwai hannun wannan ajin na Howard a ciki ko kusa ko nesa.

Yanzu maganar karramawa, wadda ita ce ta sa na ga ya dace in yi wannan rubutun. A watan Satumba na 2021, lokacin da hukumar da ke ba da Oscar ta buɗe gidan tarihinta na fina-finai a Los Angeles, a bikin buɗewar suka ba Haile Gerima lambar yabo ta Vantage Award, shi ne mutum na farko da aka taɓa ba, a daren da aka karrama Sophia Loren. Lamba ce ta wanda aikinsa ya ƙalubalanci yadda aka saba ba da labari a sinima. A wannan watan ne kuma kamfanin ARRAY na Ava DuVernay ya gyara Sankofa ya sake fitar da shi tas a Netflix, shekara 28 bayan an ce ba zai sayu ba. Kafin nan fim ɗinsa Teza, labarin wani ɗan Habasha da ya yi karatun likitanci a Jamus ya dawo gida ya faɗa cikin mulkin soja na Derg na su Mengistu, ya ci kyautar alƙalai ta musamman da ta rubutun labari a bikin Venice na 2008, sannan a 2009 ya ɗauki dokin zinare na Yennenga a FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, kyautar da marigayi Oumarou Ganda na Nijar ya fara ɗauka a 1972. Na yi murna da lambar ta 2021 har cikin raina, ya cancanta kuma ya wuce cancanta. Amma gaskiya ɗaya ce, ta zo a makare, mutumin yana da shekara 75 lokacin, shekara 46 da fara koyarwa, kuma masana'antar da ta rufe masa ƙofa a 1993 ita ce ta kira shi ta tafa masa. Ban ce kada a karɓa ba, a karɓa mana, haƙƙinsa ne. Abin da nake cewa shi ne in kana son ganin inda aka karrama malamin nan tun kafin Hollywood ta farka, ka zo Georgia Avenue da rana tsaka ka ga yara 'yan shekara 19 da 20 sun baje littattafai da kwamfuta suna musu a kan Afirka a cikin ginin da fim ɗinsa ya samar.

Abin da wurin ya fi yi min kama da shi shi ne zauren malami a garuruwanmu, inda karatu ba ya ƙarewa don an tashi daga darasi, ɗalibi na nan, baƙo na nan, mai tambaya na nan, wanda ya zo gaisuwa kawai ma sai ya tafi da wani abu. Za ka ga ɗaliban Howard, za ka ga dattawan unguwa da suka ga zamanin gwagwarmayar 'yancin baƙaƙe da idonsu, za ka ji Amharik a wannan tebur, ka ji Turancin Jamaika a wancan, don yankin Washinton ne ya fi ko'ina a Amurka yawan 'yan Habasha, ga kuma sauran 'yan Afirka. Suna shirya taruka akai-akai, marubuci ya zo ya karanta littafinsa a yi masa tambayoyi, a nuna fim a tattauna, a yi waƙe da kiɗa, a karanta wa yara labari. Kuma tambayoyin da ake yi a wurin ba na ladabin ƙarya ba ne, mutum zai miƙe ya ce wa marubuci ban yarda da abin da ka rubuta a babi kaza ba ga dalilina, a yi ta gwabzawa, a tashi lafiya a sha kofi tare. Ni wannan na fi so, na gaji da tarukan da kowa ke tafi babu mai tambaya.

Shi kansa Farfesa aikinsa na fim a ginin yake, don haka ba abin mamaki ba ne a gan shi yana wucewa. Shawarata in Allah ya haɗa ku, a gaishe shi gaisuwar babba, kada a tare shi da waya ana neman hoto kafin a ce sannu, dattijo ne kuma malami, kuma an san shi da faɗin gaskiya ba kwana-kwana, wanda ya saurari lakcocinsa da hirarrakinsa a intanet ya san ba ya shafa wa magana mai, ko a kan Hollywood ko a kan shugabannin Afirka ko a kan 'yan bokon da suka manta inda suka fito.

Ɓangaren fina-finai ya ragu da yadda yake a zamanin kaset, wannan kuma ko'ina haka ne a duniya tunda kowa ya koma kallo a waya, amma har yanzu nan ne inda za ka nemi ayyukan Gerima da na matarsa da wasu na masu shirya fim baƙaƙe da ba ka cika cin karo da su a manhajojin kallo ba. Ita Shirikiana Aina kada a ɗauka matar farfesa ce kawai, darakta ce mai zaman kanta, ta yi Through the Door of No Return a kan ganuwoyin bayi na gaɓar Gana, kuma tare suka ɗauki nauyin Sankofa tun daga neman kuɗi har kai shi gari-gari, tare kuma suka riƙe shagon. In ka tambaye ni da wanne za a fara, zan ce Teza, shi ya fi saurin kama mai kallon yau kuma duk ɗan Afirkan da ya yi karatu a waje ya koma gida da buri zai ga kansa a ciki, har ya ji ba daɗi. Sannan Sankofa, amma a kula, ba fim ɗin da za a kunna a falo da yara da surukai ba ne, akwai duka da azabtarwa da tsiraici irin na yadda aka wulaƙanta bayi, ba don batsa aka sa ba amma yana da nauyi, a kalla cikin manya. Adwa kuma na gaskiya ne, a kan yaƙin 1896 da Habasha ta karya sojojin Italiya, wanda ke son tarihi zai more. Harvest shi sai mai haƙuri, fari da baƙi ne, yana da tsawo, yana tafiya a hankali da gangan don ka ji nauyin ranar manomi, in ka saba da fim mai gudu za ka sha wuya a rabin awa na farko, in ka daure kuma ba za ka manta fuskokin mutanen nan ba. Wanda zai kai faifai gida ya tuna cewa faifan Amurka ba kowace na'ura ce ke karanta shi ba a wajenmu, a duba bayan kwalin kafin a biya.

Abinci kuwa, kada a zo da yunwar tuwo, ba gidan cin abinci ba ne na a zauna a ci a ƙoshi a yi gyatsa, wurin kofi ne da shayi da lemon 'ya'yan itace da sanwic da kayan ganye. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne an raɗa wa sanwic ɗin sunayen masu shirya fim baƙaƙe, wato ko takardar abincin ma darasi ce, yaro zai karanta suna ya tambaya wane ne wannan, shi ke nan an fara karatu. Kofin yana da ƙarfi yadda nake so, ba ruwa-ruwa ba, kuma ba abin mamaki ba ne a wurin mutumin da ya fito daga ƙasar da kofi ya samo asali. Mu da ke kula da halal, hanya mafi sauƙi ita ce wadda muka saba bi ko'ina a ƙasar nan, ka tambayi abin da ke ciki, ko ka tsaya a na ganye da babu nama, akwai su kuma suna ƙosarwa daidai gwargwado. Ma'aikatan da ke kanta yawanci matasa ne, kuma in ka ce musu ina neman littafi a kan kaza ga yaro ɗan shekara kaza, ba sa nuna maka kanta da yatsa su juya, suna tasowa su duba tare da kai, wannan kuwa babu manhajar da za ta yi maka shi.

Maganar kuɗi, a nan ne na san wasu za su ce to ai a Amazon ya fi araha. Gaskiya ne, sau da yawa ya fi araha, ƙaramin shago ba zai iya karya farashi kamar kamfanin da ke sayen littafi tirela-tirela ba, kuma wanda ya zo daga gida yana lissafin dala da naira ko sefa duk sabon littafi a Amurka zai yi masa tsada ko a ina ya saya. Amma a san abin da ake biya. Unguwar nan ta canja sosai, Washinton da a 1970 kusan kashi 70 cikin 100 na mazaunanta baƙaƙe ne yanzu ba su kai rabi ba, gidaje sun yi tsada, sababbin benaye sun taso, tsofaffin shagunan baƙaƙe da yawa sun rufe saboda haya da haraji sun fi ƙarfinsu. Sankofa ma ta kusa shiga wannan layin, harajin gini ya yi ta hawa har ya zama barazana, sai da jama'a suka tashi, ɗalibai da tsofaffin ɗalibai da mutanen unguwa suka cika zauren majalisar birnin, a 2019 aka amince aka ɗauke wa shagon harajin gini na shekara 10. Shekara 10 kuwa kamar gobe ne. Don haka 'yan dalolin da ka ƙara a kan littafi su ne ke biyan wuta da albashin yaran da ke kanta da kujerar da ɗalibi zai zauna ya yi awa uku a kan kofi ɗaya ba wanda ya kore shi. Ni na zaɓi in biya, kuma ina roƙon wanda ke da hali shi ma ya biya, wanda ba shi da hali ya zo taron ya saurara, ba a rasa abin tafiya da shi.

Wanda wurin ba zai yi masa ba shi ne mai neman shiru irin na laburare, musamman ranar da ake taro ko lokacin da jami'a ke cike, akwai hayaniyar hira da kiɗa. Littattafan kuma kusan duk da Turanci suke, mai neman na Hausa ko Larabci ba nan zai nufa ba.

Zuwa wurin ba wuya, jirgin ƙasa na Metro koren layi za ka hau, ka sauka a tashar Shaw-Howard University ko Columbia Heights, daga kowacce akwai 'yar tafiyar ƙafa, ko ka hau bas ɗin da ke bin Georgia Avenue ya sauke ka kusa da ƙofa. Mai mota ya shirya zagaye, wurin ajiye mota a wannan yankin na birnin sai an sha nema, kuma a karanta allon gefen titi da kyau don masu ba da tikitin tara a Washinton ba sa wasa. Kafin ka fito ka leƙa shafinsu na intanet ko Instagram ka ga lokutan buɗewa da ranar da suke da taro, in ka samu ranar da marubuci zai zo ko za a nuna fim to ita za ka zaɓa, ka zo da wuri don kujerun ba su da yawa, in kana da yara ka taho da su ka bar su su zaɓi littafi da kansu.